Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata, Kan Sabon Aikinki A Ofishin 'Yan Sanda

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Saƙonki ya iso, kuma sau uku na karanta shi kafin na miƙa wa mahaifiyarki. Kin ce hukumar 'yan sandan birnin da kike a Amurka ta ɗauke ki aikin tsaya wa waɗanda aka zalunta, ba kaki, ba bindiga, ba kya kama kowa. Allah ya sanya alheri. Na yi murna ƙwarai, amma na kwana ina juyi, domin aikin nan ya taɓo min wani tsohon miki.

Kina da shekara huɗu aka kashe baffanki. Kin san 'yan fashi ne, sauran labarin ne ban taɓa ba ki ba. Na wuni a kan benci a ofishin 'yan sanda, jami'ai na shige da fice, babu wanda ya ce min ci kanka. Da yamma wani ya miƙo min baƙar leda ya ce in sa hannu. A gaban jama'a na buɗe ta ban san abin da ke ciki ba: agogonsa, makullansa, da rigarsa, jini ya bushe a jiki har ta yi tauri. Ba na zargin mutumin da mugunta, aikinsa yake yi, ga wasu goma na jiransa. Bayan wata uku ina tafiya a hanya sai na yi kiciɓis da wanda aka kama, yana tafe yana hira. An ba da belinsa tuntuni, ba wanda ya gaya mana. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Wanda na rasa a ranakun nan shi ne mutumin da kike shirin zama.

Saboda haka kada ki jira a tambaye ki. Wanda masifa ta faɗa wa bai ma san tambayar da zai yi ba. Ki kira shi ko da babu sabon labari, ki ce har yanzu ana bincike, ga sunan jami'in da ke riƙe da fayil, ga ranar zaman kotu. Idan za a mayar wa dangi da kayan mamaci, ki fara gaya musu halin da kayan ke ciki, ki samar musu ɗaki, su buɗe lokacin da suka shirya. Maganar beli kuwa, ita ce ba a kwana da ita. Kin san labarin Mary Byron ta Louisville a jihar Kentucky, wadda tsohon saurayinta ya harbe a 1993, ranar da ta cika shekara 21, bayan an sake shi ba ta sani ba. Mutuwarta ce ta sa aka kafa tsarin VINE a 1994, mai sanar da mutum idan an saki wanda ya cuce shi. Dokar tarayya ta 2004 ma ta ba wanda aka zalunta haƙƙin a sanar da shi zaman kotu da sakin wanda ake tuhuma, a shari'o'in gwamnatin tarayya. Amma doka a takarda take, sai an sami mai ɗaga waya.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. Teburinki a cikin ofishin 'yan sanda yake, su ke biyan ki albashi. Mace za ta zauna gabanki tana kuka, ta ga fuskar tausayi, ta fara zazzage miki cikinta tana zaton maganar ta tsaya tsakaninku. Ba lallai ta tsaya ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1963 a shari'ar Brady, wajibi ne masu gabatar da ƙara su miƙa wa ɓangaren wanda ake tuhuma duk hujjar da za ta taimake shi, kuma abin da kika rubuta yana iya shiga ciki. Masu irin aikinki a ƙungiyoyi masu zaman kansu sun fi ki kariyar sirri a jihohi da dama. To ki gaya mata wannan tun kafin ta buɗe baki, da kalmomi masu sauƙi, sannan ki nuna mata inda za ta yi magana a rufe. Zai yi miki nauyi, za ki ji kamar kina korar ta. Gara haka da ta ji sirrinta a bakin lauya a gaban alƙali. Kuma kada bakinki ya taɓa furta "za a ɗaure shi". Wannan ba a hannunki yake ba.

Za ki ga wanda ya ba da bayani yau, gobe ya ƙara wani abu ko ya rikita lokaci. Firgici haka yake yi wa ƙwaƙwalwa, ya riƙe ƙamshin turare ko ƙarar ƙofa, ya saki jerin yadda abin ya faru. Ni kaina na kasa tuna wanda ya kai ni asibiti a daren da aka kashe baffanki. Idan jami'i ya fara yi wa irin wannan mutum kallon maƙaryaci, ki ja shi gefe ki yi masa bayani cikin ladabi. Su ma 'yan sandan mutane ne masu ɗauke da kaya, kuma sai da yardarsu za ki ci nasara, amma kada zaman tare ya sa ki koyi kiran mutane da lambar fayil.

Matar da ta janye ƙara ta koma gidan mai dukanta, kada ki yi mata faɗa. Lokacin barin irin wannan gida na daga cikin mafi haɗari gare ta, kuma ta fi ki sanin mijinta. Kafin ki bar mata saƙo, ki tambaya ko akwai mai duba wayarta.

Ki kuma laƙanci takardun neman diyyar da gwamnati ke biyan waɗanda aka zalunta kamar sunanki. A Amurka jihar Kalifoniya ce ta fara biya a 1965, a 1984 kuma aka kafa asusun tarayya da ake cikawa da tarar masu laifi. Kuɗin asibiti da na jana'iza suna da wa'adin nema, mai baƙin ciki kuwa ba ya lissafin kwanaki, don haka ki zauna ku cike tare.

Ke ma, 'yata, abin da kike ji kullum zai biyo ki gida. Ranar da barci ya ƙaurace miki, ko kika ji kukan mutane ya daina taɓa ki, ki gaya wa shugabarki, ki nemi likitan da ya san wannan, ki ɗauki hutunki ba tare da jin kunya ba. Ki kira mu ko da tsakar dare ne. Ba sai kin faɗi sunan kowa ba, mu dai mu ji muryarki.

Agogon baffanki yana nan a akwatina, na sa an gyara shi. Idan kin zo hutu zan ba ki. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare min ke.

Mahaifinki