Zuwa ga ɗana, a kan tsohon layin wayarka na Ingila

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mahaifiyarka ta shaida mini cewa layin kwantiragin da ka karɓa lokacin da ka sauka Ingila yana nan ajiye a durowa, ka koma wani layin, har kana shirin umartar banki ya daina biyan kuɗinsa tunda ba ka amfani da shi. Ina so ka dakata da wannan shawara sai ka karanta abin da zan faɗa maka.

A nan gida mun saba da kati: in ka saka kuɗi ka yi kira, in ka jefar da layi shi ke nan, daga baya kamfani ya ba wani lambar, babu mai bin ka ko sisi. Can kuwa hannun da ka sa a takarda alkawari ne na biyan kuɗi duk wata, galibi na wata 12 ko 24, kuma ko wa'adin ya cika yarjejeniyar ba ta mutuwa da kanta, tana ci gaba wata bayan wata har sai ka sanar da kamfanin ka rufe. Kamfanin bai damu da ko wayar tana kunne ko tana kashe ba. Abin da yake dubawa shi ne ko kuɗinsa ya shigo, kuma yana kai rahoton hakan ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, wato Experian da Equifax da TransUnion.

Saboda haka muddin kuɗin yana fita a kan kari, tsohon layin bai ɓata maka suna ba, yana ma shaidar cewa kai mai cika alkawari ne, sai dai asarar da kake yi ta biyan abin da ba ka mora, wadda ni ban ga dalilinta ba. Matsalar tana farawa ne ranar da ka tsayar da biyan daga banki alhali ba ka rufe yarjejeniyar ba. Watan farko za a rubuta ka makara, na biyu ma haka, bayan wata 3 zuwa 6 kuma a buga maka tambarin wanda ya gaza biya, tambarin da zai zauna a tarihinka shekara 6 cur. Ko ka biya daga baya ba a goge shi, iyaka a nuna cewa ka sauke nauyin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ka canja gida, don haka takardun gargaɗi za su riƙa zuwa tsohon adireshi ba ka sani ba, bashin 'yan fam kaɗan ya faɗa hannun kamfanin karɓar bashi, wataƙila har ya kai kotu a yanke hukunci a bayan idonka. Shi ma hukuncin shekara 6 yake yi a rubuce, sai fa in an biya duka cikin wata guda.

Ka tuna kana maganar neman gida mafi girma saboda yara. Ranar da banki zai buɗe tarihinka kafin ya ba ka bashin gidan, ba zai tambaye ka dalili ba, tambarin kawai zai gani, ya ƙi ka ko ya tsananta maka sharuɗɗa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba na so a rubuta ɗana cikin masu taurin bashi a kan layin da ko kira ba ya yi da shi.

Ga abin da nake so ka yi cikin makon nan. Ka mayar da layin cikin waya, ka aika kalmar INFO zuwa 85075, za a gaya maka ko akwai kuɗin da za ka biya in ka fita kafin wa'adi. Daga nan ka tuntuɓi kamfanin ka ba su sanarwar rufewa, wadda yawanci ta kwana 30 ce, ka ba su sabon adireshinka, ka kuma nemi su tabbatar maka a rubuce. Kada ka taɓa umarnin biyan kuɗin da ka ba banki sai lissafin ƙarshe ya fita, ka ga an cire shi da idonka. Bayan wata biyu ka nemi rahotonka daga kamfanonin nan uku, doka ta ba ka shi kyauta, ka duba ko an nuna asusun a rufe ba tare da ragowar bashi ba. In ka ga kuskure ka ƙalubalance shi nan take, ka ajiye kowace takarda.

Idan ka gama ka kira ni ka karanta mini takardar rufewar. Mahaifiyarka tana gaishe ka, a shafa mini kan yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.