Zuwa ga masu amfani da manhajarmu ta lissafin kanti

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu da 'yan'uwanmu.

Sabon zubin manhajar da muka yi muku alkawari kafin Sallah bai fito ba har yau. Mun kuma ji ana cewa a Kasuwar Dole wai mun karɓi kuɗin shekara mun rufe shago. Wallahi maganar ta yi mana zafi, gara ku ji daga bakinmu.

Wuta ce ta dawo da ƙarfi ta ƙona kwamfutar da muke haɗa manhajar a kanta. Mai kawo mana kaya ya turo wata, ya ce an zuba mata komai. Ashe babu kwamfaila a ciki, wato abin da ke mai da rubutunmu ya zama manhajar da inji zai gane. Kafin a haɗa komai, akwai shirin da ake kira configure da ke fara bincika injin. Yakan nemi kwamfaila mai suna gcc, in bai gani ba ya nemi mai suna cc, sannan ya gwada haɗa wani ɗan ƙaramin aiki. In gwajin ya ƙi, nan take yake tsayawa, ya rubuta dalili a wani fayil mai suna config.log. Tela ne da ya ƙi yanka shadda don ya ga babu keke.

Da muka sauke GCC, da wannan intanet ɗin namu da kuka sani, sai ɓangaren manhajar da ke bi ta CMake, wani shirin da ke tsara haɗawa, ya ƙi. Shi CMake yana ajiye adireshin kwamfaila a CMakeCache.txt, fayil ɗin kuma daga tsohon injin aka kwafo shi, yana ta nuna wurin da babu kowa. Sai an goge shi an sake bincike daga farko. Duk wannan mai kawo kayan bai gaya mana ba, wayarmu ma yanzu ba ya ɗauka.

Muna kan aikin dare da rana, in sha Allah ba za a daɗe ba. Tsohon zubin yana aiki, lissafinku da bashin da kuke bi babu abin da ya taɓa su.

Alhajin da ya fara yarda da mu tun muna ɗaki ɗaya a Birni, da Hajiya mai kantin magani a Zongo da ta kawo mana ƙannenta, ba mu manta ba. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Mai shakka ya zo shago ya gani da idonsa, ƙofa a buɗe take.

Naku,
Mai shago da yaran aiki, Damagaram