A Gyara Yadda Ake Rubuta Manufar Darasi A Makarantunmu

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da 'yan uwana malamai, da shugabannin makarantu, da jami'an da ke zagayen duba aikinmu, a kan layin nan da kowane malami ke rubutawa a shirin darasinsa: "A ƙarshen darasi ɗalibai za su iya..." Duk wanda ya yi karatun malanta na NCE ya rubuta shi tun lokacin koyarwar gwaji, amma a yawancin littattafan da nake gani abin da ke biyo bayansa shi ne "su fahimci ɗebewa" ko "su san muhimmancin tsafta". Hedimasta ya duba, ya sa hannu da jan biro, a wuce wurin, ba wanda ya tambayi yadda za a gane cewa yaro ya fahimta ko ya sani.

Fahimta abu ne da ke cikin kai, malami ba ya ganin ta. Abin da yake iya gani shi ne yaro ya lissafa, ya rubuta, ya ware, ya kwatanta, ya karanta a bayyane. Tun 1962 wani masanin horarwa ɗan Amurka, Robert Mager, ya bayyana cewa manufa mai amfani tana faɗin abu uku: aikin da mai koyo zai yi, halin da zai yi shi a ciki, da mizanin da za a ce ya iya. A ɗauki ajin uku na firamare. Maimakon "su fahimci ɗebewa", sai malami ya rubuta cewa idan aka ba yaro lissafin ɗebewa guda biyar masu buƙatar aro, kamar 52 a ɗebe 17, zai yi su a littafinsa shi kaɗai ya samu aƙalla huɗu daidai. Wanda ya rubuta haka ya riga ya san misalan da zai sa a allo, ya san cewa sai ya zo da tsinken tsintsiya ɗauri goma-goma domin yara su kwance ɗauri ɗaya su ga abin da ake nufi da aro, ya kuma san tambayoyin auna fahimta tun kafin ya shiga aji. Idan minti goma ya rage ya zaga tsakanin bencina ya tarar rabin ajin suna rubuta 45, to ya gane cewa suna ɗebe ƙaramar lamba daga babba ne duk inda ta faɗo, kuma gobe daga nan zai tashi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya karatun a gaban malam babu gyara. Aikin sananne ne, mizanin ma sananne ne, shi ya sa yaron da malamin duk sun san inda aka kwana.

Akwai kuma matsalar tsayawa a mataki ɗaya. Rabe-raben manufofin koyarwa da masanin ilimi Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956, waɗanda aka sake wa fasali a 2001, sun jera matakan tunani shida, daga tunawa har zuwa ƙirƙira. Mu kuwa kusan kullum "su ambata" da "su lissafo" muke rubutawa, tun daga aji ɗaya har babbar sakandare, sannan mu yi mamakin ɗalibin da ya haddace ma'anar jimla amma ya kasa rubuta wasiƙa mai sakin layi biyu. Wasu kuma sukan cusa manufa shida a darasin minti 35, a ajin da yara suka cika shi maƙil, alhali biyu da za a cim ma sun fi amfani. Manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu ta ƙasa, ta tanadi manufofi ga kowane batu, sai dai na batun ne gaba ɗaya, wanda kan ɗauki mako ko fiye. Kwafe su kai tsaye a matsayin manufar darasin Talata sakaci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Tarukan bita da ake shirya wa malamai su ma ba su tsira ba. Idan takardar gayyata ta ce manufar taro ita ce "wayar da kan mahalarta", babu hanyar da za a bi a san ko kuɗin da aka kashe ya biya. Da an ce kowane malami zai fita da shirin darasi guda da ya rubuta da hannunsa, abokan aikinsa suka duba suka gyara, da an sami abin da za a bi sawu a aji bayan wata guda.

Saboda haka ina kira ga hukumomin ilimin matakin farko na jihohinmu (SUBEB) da kwalejojin ilimi su umarci masu duba malamai da cewa, idan sun shiga aji, su karanta manufar da malami ya rubuta, su jira ƙarshen darasi, su ɗauki littattafan yara biyar daga bencin baya su gwada da ita. Shugaban makaranta kuma kada ya sa hannu a shirin darasin da tambayoyin auna fahimtarsa ba su dace da manufarsa ba; ya zauna da malamin su gyara tare tun ranar Litinin da safe, kafin a kaɗa ƙararrawa.

Na gode.

Wani malamin firamare,
daga Katsina.