Guntuwata, ga amsar maganar Kamilla

Zariya,
Agusta 2024

Guntuwata,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya zaman Malesiya, ya Abban yara da 'yan biyuna? Na san kin cika kin batse. Wata huɗu ke nan saƙon muryarki yana kwance a wayata, na saurare shi ya fi sau goma, kullum sai in ce gobe zan amsa. Wallahi ba wulaƙanci ba ne. Maganar da kika yaɓa mini a ƙarshensa ce ta tsaya mini a maƙoshi, na ga ba ta minti biyu ba ce, sai an zauna da biro.

Wai Kamilla Cardoso, 'yar ƙwallon kwandon nan ta Brazil, tsawo ne kawai, wai ke ma a ba ki mita biyu ki ci kofi. Sannan kika rufe da dogo da hankali dace ne, kika saki dariyar muguntar nan taki. Ai na san ba da ita kike ba, da ni kike. Shekara nawa ina share miki hanya a gindin kwando, ina shan gwiwar hannu a haƙarƙari, ke kina can nesa kina jifa ana yi miki tafi? Allah ya isa ban yafe ba, sai kin dawo da tsarabar da kika yi alkawari.

To bari in fara da ba ki gaskiyarki, don kada ki ce na yi son kai. Wasan ƙarshe na jami'o'in Amurka da kika kalla a watan Afrilu, wanda makarantarta South Carolina ta doke Iowa da 87 da 75, ba shi ne ma'auni ba. E, ta ci maki 15, ta cafe ribawun 17 (ƙwallon da ta dawo bayan jifa bai shiga ba), an ba ta kambun gwarzuwa, sun gama kakar da wasa 38 ba a doke su ko sau ɗaya ba. Amma Iowa ba su da mai tsawonta, kuma kociyarsu Dawn Staley tana da benci wanda ko shi kaɗai aka fito da shi zai ba manyan makarantu wahala. Santa, wato doguwar da ke tsayawa a gindin kwando, a irin wannan ƙungiya kamar amarya ce a gidan masu hali, komai an tanadar mata. In ta gaji a zaunar da ita, in an rufe ta mutum biyu akwai masu jifa daga waje. Da a nan kaɗai na gan ta, da na yi shiru na bar miki.

Abin da ya sa ban yi shiru ba shi ne rigar Brazil. Ki koma watan Yulin 2023, gasar AmeriCup ta ƙasashen nahiyar Amurka a birnin León na Meziko. Ki tuna a lokacin ko a makarantarta ba ita ke fara wasa ba, shekara biyu tana zaune bayan Aliyah Boston, sai an ɗan taɓa sannan a sako ta. Wannan yarinyar benci ce ta je ta zama ginshiƙin ƙasarta. Brazil ta doke Amurka sau biyu a gasar, ɗaya a rukuni, ɗaya a wasan ƙarshe da 69 da 58, ita kuma ta ci maki 20 da ribawun 11 a wasan ƙarshen, aka ba ta gwarzuwar gasa baki ɗaya. Kuma ga inda maganarki ta tsawo ta faɗi ƙasa warwas: a ɓangaren Amurka akwai Lauren Betts, tsawonsu ɗaya, mita biyu da santimita ɗaya, ga kuma Angel Reese wadda ba ta barin ƙwallo ta faɗi ƙasa a gindin kwando. In tsawo ne kawai, ai an yi kunnen doki. Me ya raba su? Ƙafa. Na maimaita faifan nan har data ta ƙare. Tana riga kowa isa wurin da take so ta tsaya, ta kafa ƙafa, ta ba abokiyar karawa baya, kafin ƙwallo ta iso aikin ya riga ya ƙare. Kuma tana gudu daga wannan kwando zuwa wancan, abin da ni a zamanina sai Malam mai usur ya yi kamar zai cire takalmi ya jefe ni.

Na san abin da za ki ce, don na san bakinki. Za ki ce ai Amurka 'yan jami'a ta tura, ba manya ba. Gaskiya ne. Har da Raven Johnson, abokiyar wasanta a makaranta, wadda ta saba miƙa mata ƙwallo, ranar nan ta koma neman ƙwace ta. Brazil kuwa ta zo da tsofaffin hannu irin su Damiris Dantas da Érika de Souza wadda ta haura arba'in. Wato a León ma da sauran gata, yara ne a gabanta, iyaye a bayanta. Shi ya sa ban tsaya nan ba.

Af, kafin in manta. Kin ji an sa ranar autar gidan su Mai Kitso? Da wannan dai da kike zato, mai shagon a Sabon Gari. An kai kaya ran Asabar, akwati shida, aka yi ta ƙus-ƙus wai biyu na aro ne. Ni dai na ci cincin na sha zoɓo na kama gabana. Anko kuwa an fitar, ban saya ba tukuna, don kuɗin atamfa yanzu sai ki ɗauka fili ake sayarwa. In kina so a ajiye miki ki yi magana da wuri.

To, birnin Belém na Brazil. A nan ne nake so ki buɗe kunne. Watan Fabrairun bana, ana tsakiyar kakar jami'a, ta bar makaranta ta tafi gida neman gurbin Olamfik. Ƙasashe huɗu ne, Brazil da Ostiraliya da Sabiya da Jamus, uku za su wuce, ɗaya ta zauna. A gidansu ake yi, 'yan kallo nasu ne. Suka sha kashi a duka ukun, na ƙarshen a hannun Jamus da 73 da 71, maki biyu kacal, Jamus ta tafi Olamfik karon farko a tarihin matanta. Kin san abin da ya fi ci mini rai? A wannan ranar, 11 ga wata, makarantarta ta karɓi jami'ar UConn ba tare da ita ba, ta lallasa su da 83 da 65. Can an ci da tazarar 18 babu ita, nan an faɗi da biyu tana ciki. Na san in kika ji wannan za ki buga cinya ki ce ga shi nan, na faɗa.

Ni kuwa akasin haka na karanta. Abin da ranar ta nuna mini shi ne South Carolina ba ta dogara da ita ba, Brazil kuwa ta jingina da ita da dukkan nauyinta, kuma a nan ake ganin inda mutum yake da ƙarfi da inda yake yoyo. Wasan ƙasa da ƙasa wani abu ne daban ga santa. A jami'a daƙiƙa 30 ake ba ku ku yi jifa, a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, 24 ne, kuma takwas kawai gare ku ku tsallaka tsakiya, maimakon goma. In kin cafe ribawun a kwandon abokan karawa, agogo 14 yake komawa. Daƙiƙa shida ɗin nan da aka rage, ke da kike riƙe ƙwallo ba za ki ji su sosai ba, amma mu na ciki su ne abincinmu. A cikinsu ake juya ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan har a sami kafar da za a zura mana. In aka matsa wa masu kawo ƙwallo tun daga baya, kafin su ɗago kai lokaci ya tafi, sai ki ga doguwa tana ɗaga hannu a banza kamar mai tsayar da mota a hanyar Kano ran jajibirin salla.

Sannan waɗanda ta tarar ba yara ba ne. Ezi Magbegor, 'yar asalin Najeriya da ke yi wa Ostiraliya wasa, da Lauren Jackson mai shekara 42, da 'yan gidan Sabally biyu na Jamus, Satou da Nyara. Mata ne da suka ci abinci da wannan sana'a, sun san yadda ake tura mutum da ƙugu alƙali bai gani ba. Kuma dogayensu suna iya jifa daga nesa, don haka dole ta baro gindin kwando ta biyo su waje, inda ba gidanta ba. Nan ne na ga yoyonta: in an janye ta waje ana yi wa 'yar gajeruwa shinge, juyawarta tana da nauyi, ita kuma a nata ɓangaren ba a tsoron jifanta na nesa, sai a ja baya a jira ta. Kin tuna jifan maki ukun da ta yi wa Tennessee a watan Maris ana busa tashi, aka ci 74 da 73? Shi ne na farko da ta taɓa ci a duk zamanta na jami'a, kuma ta same shi ne don babu wanda ya damu ya tsare ta a can. Ga kuma zuciya, don kashegari aka kore ta a wasansu da jami'ar LSU saboda ture wata 'yar wasa. Wannan kam halinmu ne, ba sai na tuna miki abin da ya faru a Kaduna ba.

Don haka hukuncina ke nan: hannu mai kyau, ƙafa mai kyau a cikin da'ira, gudu fiye da yadda jikinta ya nuna, amma har yanzu sai da mai ciyar da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar ƙwararru ta Chicago Sky da suka ɗauke ta ta uku a zaɓen sababbin 'yan wasa a watan Afrilu ba makafi ba ne.

Kuma ki dubi namu. Ostiraliyar nan da ta hana Brazil sakat a Belém, ita D'Tigress, matanmu na Najeriya, suka doke a gasar Olamfik da 75 da 62 a Lille ran 29 ga Yuli. An ɗauke wuta ana tsakar wasa, na ƙarasa a waya ina tsaye a tsakar gida ina ihu, har Hajiya ta leƙo ta ce ko haihuwa aka yi. Ba mu da mai mita biyu irin Kamilla, amma Ezinne Kalu da sauran sun hana masu kawo ƙwallonsu numfashi, Murjanatu Musa tana ta kokawa a ciki da waɗanda suka fi ta tsawo. Muka ƙara da Kanada 79 da 70, muka zama ƙasar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik. Amurka ta tsayar da mu da 88 da 74, su da suka ba mu 100 da 46 a Antwerp wata shida kafin nan. Kociyarmu Rena Wakama ta cancanci kambun gwarzuwar koci da aka ba ta. To kin ga, wannan ɓangaren naku ne na gajeru, na ba ki. Kada dai kanki ya kumbura.

Gaskiyar abin da ya hana ni barci kuwa ba Kamilla ba ce. Wata yarinya ce a makarantarmu, 'yar aji uku, shekararta 14, ta riga ta kere ni, kin kuwa san ba ƙaramin abu ba ne. Tafiya take a duƙe don kada a gan ta. 'Yan ajinsu suna kiranta Doguwa, uwarta ta zo har ofis ta ce a daina, sunan iska ne, kada a ja wa 'yarta. Na ba ta ƙwallo a zangon da ya wuce, wallahi hannunta kamar an shafa danƙo. Amma duk wasan da muka je sai ta ci maki ashirin ba tare da ta koyi komai ba, don babu mai kai mata kafaɗa, tsayawa kawai take a miƙo mata ta saka. Ina kallonta ina tuna Belém. Ran da za ta haɗu da tsararta a tsawo, me za ta fitar? Shi ya sa na fara sa ta riƙon ƙwallo tare da gajeru, da jifa daga layin nesa, tana kuka tana cewa na tsane ta. Kamilla ta bar Montes Claros tana 'yar shekara 15 ta tafi Tennessee ita kaɗai. Tawa kuwa babanta ya ce ko Kaduna ba za ta je ba, kuma daga ta gama aji uku an gama tsalle-tsalle. Na je gidan sau biyu. Na nuna masa dogon wando da hijabin wasa da muke sawa, na ce FIBA ma ta halatta rufe kai tun 2017. Ya saurare ni da mutunci, ya sa aka kawo mini fura, ya ce zai yi shawara. Kin san ma'anar wannan.

Ko za ki yi mata ɗan saƙon murya in kunna masa? Ke da kike digiri na uku a ƙasar waje, ya ji cewa ƙwallo ba ta hana ki karatu ko aure ba. Amma don Allah ban da dariyar nan, kuma ban da maganar dogo da hankali.

Gwiwata ta hagu tana nan tana ba ni labarin damina tun kafin hadari ya haɗu. Malam mai usur ya yi ritaya, ya koma kiwon kaji, an ce har su yana busa musu. Hajiya tana gaishe ki, ta ce man zafin da kika aiko ya ƙare tun azumi.

Na san akwai abin da kika tambaye ni a farkon saƙon, kafin ki shiga tsokana, kamar maganar takardunki ne ko ta kuɗin adashi. Wayar tana caji a maƙwabta, in na karɓo zan sake saurara. Ki shafa mini kan 'yan biyu.

Taki,
Zanƙaleliya