Kada a Auna Cameron Johnson da Mudun Brooklyn

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na ga ɗan guntun labarin da kuka saka a ƙasan shafin wasanni kan musayar da ƙungiyar Denver Nuggets ta yi da Brooklyn Nets a 2025, inda ta sallama Michael Porter Jr., ta ɗora da damarta ta zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko na 2032, ta karɓo Cameron Johnson. Mun gode da aka tuna da mu masu bin ƙwallon kwando, ko da layi shida ne a gindin labaran Firimiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jimlar da marubucinku ya rufe da ita, cewa yanzu Denver na jiran Johnson ya riƙa kawo mata makin da yake ci wa Brooklyn. Ina ganin duk wanda ya zauna jiran wannan zai ƙare da zagin mutumin da bai yi laifin komai ba.

Ni mutumin Zariya ne, kuma yadda na faɗa son Denver ba wani abin mamaki ba ne. A 2010 aka naɗa Masai Ujiri, wanda ya tashi a garinmu, shugaban harkokin 'yan wasan ƙungiyar, a 2013 kuma aka zaɓe shi gwarzon jami'an NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Shi ya tattara ya koma Toronto a shekarar, ni kuwa na maƙale. Tun daga lokacin nake tashi ƙarfe biyu ko uku na dare, don a wannan tsakanin wasan gida na Denver yake kamawa a agogonmu, in rage ƙarar waya kada yara su farka, in kalla har a kusa kiran assalatu. Maiɗakina ta daina faɗa, ta koma yi mini addu'ar shiriya.

Ranar da labarin ya fito, wani abokina ya rubuto mini cewa tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. In a takarda za a duba, yana da hujja. A kakar 2024-25 Porter yana cin maki 18.2 a kowane wasa, Johnson 18.8. Dukansu biyu jifansu na nesa mai maki uku yana shiga kusan sau 39 cikin 100. Porter ya fi tsawo, ya kuma fi ƙuruciya da shekara biyu. To me aka saya?

Kafin a amsa, sai an tuna inda Johnson ya ci makin nan. Brooklyn wasa 26 kacal ta ci cikin 82. A irin wannan gida da babu manya, shi ne babba, ƙwallo tana daɗewa a hannunsa, ana shirya masa dabaru, in an rasa abin yi a miƙa masa. A Denver kuwa akwai tauraron ƙungiyar, Nikola Jokic, akwai Jamal Murray, akwai Aaron Gordon, ga Christian Braun ya fara tasowa. Johnson zai zama na uku a layi, wani daren ma na huɗu. Idan ya tsaya a maki 13 ko 14 ba zan ga faɗuwa ba. Ya taɓa yin wannan rayuwar a Phoenix, inda yake tasowa daga benci a ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe a 2021 ta sha kashi a hannun Milwaukee, kuma a kakar da ta biyo baya jifansa na nesa ya haura 42 cikin 100. Wato lokacin da aka rage masa kaya aka bar shi da sana'arsa, hannunsa ya fi kyau. Wancan Johnson ɗin na Phoenix nake fatan an sayo.

Abin da ya kamata a ƙirga masa shi ne sau nawa yake saki. A kakar 2024-25 babu ƙungiyar da ta kai Denver ƙarancin gwada jifan maki uku, kusan sau 32 a wasa, alhali Boston tana gwada kusan 48. Ba wai ba ya shiga ba ne in sun jefa. Ba sa jefawa ne. Ga kuma Jokic, wanda a kakar yake bayar da fasin da ake ci sama da goma a kowane dare, yana cin maki kusan 30. Mutumin da dole sai an taru a kansa mutum biyu ko uku, ai kullum akwai wani abokinsa da aka bari a fili. Abin tambaya kawai shi ne, wanda aka bari ɗin, ana tsoronsa?

Na ga amsar da idona ranar 18 ga Mayun 2025, wasa na bakwai na raba gardama da Oklahoma City a zagayen fitar da gwani. Ranar an yi sa'a wasan da wuri ne, bayan isha'i, muka taru mu huɗu a shagon wani abokinmu mai gyaran waya, aka ɗauke wuta muka koma kan wayar mutum ɗaya muna leƙe ta kafaɗar juna. Alex Caruso na Oklahoma, wanda bai kai Jokic tsawo ba, ya manne masa kamar ƙaya a riga, sauran kuma suka cunkushe tsakiya suna jiran ƙwallo ta shigo su wafce. Gordon yana ɗingishi da raunin jijiyar bayan cinya. Porter kafaɗarsa ta hagu a naɗe tun wasanninsu da ƙungiyar Clippers a zagayen baya, da ƙyar yake ɗaga hannu. Jokic zai juya ya hango mutum a kusurwa, ya aika masa, sai ka ga an yi ɗan tsai, an sake miƙawa wani, lokaci ya tafi, 'yan tsaro sun dawo. Aka tashi 125 da 93. Mai shagon ya kashe wayar tun kafin a busa, ya ce cajinsa ya fi masa amfani.

Wannan ɗan tsai ɗin shi ne ciwon. Lokacin da muke yara muna wasa a filin siminti, akwai wani dattijo da yake koya mana, in ya ga an ba ka ƙwallo kana fili ka tsaya waige-waige, sai ya fitar da kai ko da ka ci daga baya. In ka jefa ka ɓarar kuwa ba ya ce maka uffan. Johnson yana cikin masu saki da wuri, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar turke. Yana zagayawa ta bayan abokin wasa ya ɓullo ta wani gefe, in an biyo shi da gudu ya ɗan buga ƙwallo sau ɗaya ko biyu ya miƙa wa na kusa. Fasinsa da ake ci ya kai 3.4 a wasa a kakar 2024-25, abin da Porter bai taɓa kusanta ba a Denver. Masoyan Denver sun daɗe suna tsokanar Porter cewa ƙwallo in ta shiga hannunsa ta isa gida. Da mai raba ƙwallo irin Jokic, wanda ke motsi kuma yake mayar da aro ya fi amfani.

Ba zan ɓoye abin da ke damuna ba, kuma abu biyu ne. Na farko, tsintar ƙwallon da ta ƙi shiga. Porter yana cafke bakwai a wasa, Johnson huɗu da ɗan ɗori. Waɗanda suka manta su tuna daren da Denver ta ɗauki kofinta na farko a 2023, wasa na biyar da Miami, 94 da 89. Hannun Porter ya mutu a jifan nesa a duk wasannin ƙarshen nan, amma a daren ya tsinto guda 13, kuma ba na jin da an ci ba tare da su ba. Yanzu wannan aikin zai koma wuyan Gordon da Jokic, waɗanda dama kayansu ya yi yawa.

Na biyu ya fi tayar mini da hankali. Mutane sun saba kallon Porter a matsayin mai ciwon baya, don an yi masa aiki har sau uku, amma a kakar 2023-24 da ta 2024-25 ya buga wasa 81 da 77. Johnson 58 da 57. Bai taɓa wuce 66 a kaka ɗaya ba tun da ya shigo NBA a 2019, kuma a ƙarshen 2022 an yi masa aiki a gwiwa. Wasu za su ce Brooklyn ba ta da abin nema shi ya sa take hutar da shi, ƙila da gaskiyarsu. Amma Denver tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,600 daga teku, iskarta ba ta da kauri, kuma a rukunin Yamma na gasar, inda Denver take, kowane wasa da ka zubar a Janairu sai ka biya shi a Afrilu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. In ya isa watan Mayu da ƙafafunsa biyu lafiya, rabin cinikin ya biya.

Sai maganar kuɗi, wadda labarinku bai taɓo ba. Albashin Porter na kakar 2025-26 ya kai kusan dala miliyan 38, na Johnson kusan miliyan 21. Wannan ragin ne ya buɗe wa Denver hanya ta gyara bencinta, wanda kowa ya san shi ne ya kashe ta: Bruce Brown ya dawo gida, aka ɗauko Tim Hardaway Jr., aka kawo Jonas Valanciunas don Jokic ya samu zama ya sha ruwa ba tare da an rushe ba. Saboda haka in za a yi alƙalanci, a ɗora Johnson da waɗannan a gefe ɗaya na sikeli. Zaɓin 2032 ɗin kam ya yi mini zafi, ba zan yi ƙarya ba. A shekarar Jokic zai cika 37, kuma babu wanda ya san halin da ƙungiyar za ta kasance. Amma gwanin da ya lashe kyautar gwarzon NBA sau uku yana shekara 30 a 2025, ba a ce masa ya jira yaron da yake makarantar firamare a yau.

Akwai kuma sabon koci, David Adelman, wanda ya karɓi ragama a Afrilun 2025 bayan an sallami Michael Malone ana saura wasa uku kakar ta ƙare. Shi ma yanzu zai fara shimfiɗa tsarinsa. Don haka idan Nuwamba ta zo Johnson yana ta ɓarar da jifa, kada a yi saurin yanke hukunci. Fasin Jokic yakan zo ta inda ba ka zata ba, wani lokaci ta bayan ƙeya, kuma sabon shiga sai ya sha ƙwallo a ƙirji sau da yawa kafin ya koyi ajiye hannu a shirye.

Roƙona gare ka, Malam Edita, idan an fara sabuwar kaka a Oktoban 2025 kuma marubucinku zai kawo mana sakamako, ya daure ya ƙara abu biyu bayan makin Johnson: sau nawa ya gwada jifan maki uku, da minti nawa ya buga. In na ga bakwai ko takwas a na farko, sama da talatin a na biyu, zan koma barci da daɗi. Kuma in da hali, a ƙara mana layi shidan nan su zama goma.

Na gode.

Mai karanta ku kullum,
daga Tudun Wada, Zariya