Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Ga bayanin abin da muka yi a bana, da wanda muka fara bai ƙare ba. Zan fara da kuɗin wata, domin shi ne ya hana ruwa gudu.

Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Ma'aji ya bi mutane gida-gida, ya bi su ta waya, har a kasuwar Gujungu ya tare wasu. Amsar ɗaya ce: a bari a yi girbi. An girbe gero, an yanke riɗi, an kai kasuwa, shiru kake ji. Abin takaici, masu bashin nan su ne suka fi kowa baki a zauren WhatsApp, su ne kullum ke tambayar ina ɗakin kwamfutar da aka yi alkawari.

To ga amsa. Ɗakin da Maigari ya ba mu an yi masa shafe, an sa ƙofar ƙarfe, an sayi faifan sola. Batir ne ya gagara. Kafin mu haɗa kuɗin da mai kaya ya faɗa mana da farko, farashi ya tashi, kuma kwamiti ya ƙi yarda a sayi tsoho wanda zai mutu kafin damina. Ba wanda ya ci sisin kowa. Rasit na nan wurin Ma'aji, mai shakka ya je ya duba da idonsa maimakon yin habaici a majalisa.

Taron wata-wata an yi shi, ban da na tsakiyar damina.

Abin da ya wanke mana zuciya a bana shi ne zaman da muka yi bayan babbar Sallah da Yayanmu da ke Legas, wanda ke aiki a matsayin mataimakin manajan jari a wani kamfanin da ke juya dukiyar jama'a. Ya roƙi kada a rubuta sunansa, kun dai san shi. Ajin firamaren da muka ara ya cika, har wasu suka tsaya ta taga. Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa sun zo, masu jiran bautar ƙasa ma haka.

Da yawa sun zo ne da tunanin za a koya musu yadda ake sayen hannun jari da safe a yi kuɗi da yamma. Tun farko ya kashe wannan maganar. Ya ce wanda ya shiga aikin sabo, ƙaramin mai nazari ake ɗaukarsa, kuma ba ya sayen komai, ba ya sayar da komai. Aikinsa karanta rahoton kuɗin kamfanoni, kamar na siminti da bankuna da na sadarwa, ya zuba alƙaluman a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ya rubuta wa na gaba da shi taƙaitaccen bayani kan ko kamfanin na samun riba ko bashi ne ke cinsa. Idan an yi gwanjon takardun lamunin gwamnati na kwana 91 da 182 da 364, shi ne zai tattaro sakamakon kafin manya su zauna.

Matakin da shi yake kai ya ɗara wannan, amma ya ce har yanzu ba shi ke yanke hukunci ba. Manaja da kwamitin zuba jari su ke cewa a saya ko a sayar. Nasa shi ne ya duba kuɗin da ke hannu kowace safiya, ya shirya umarnin da za a tura wa dillali, ya tabbatar ba a zuba wa kamfani ɗaya fiye da abin da ƙa'ida ta yarda ba, sannan ya gwada lissafinsu da na bankin da ke ajiye kadarorin. Ya kwatanta kansa da yaron babban ɗan kasuwa a Dawanau: maigida ke ciniki, yaro ke ƙirga buhu yana rubutawa, kuma in buhu ɗaya ya ɓata shi za a fara tambaya.

Daga nan ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mana shafi biyu na lissafin gwaji da ya kamata su zo daidai amma suka saɓa, ya ce a nemo inda matsalar take. Samarin da suka fi zaƙewa suka yi ta harbin iska. Wata ƙanwarmu da ke aji uku a Dutse ta matso ta bi layukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, can ta ce, “Yaya, wannan cinikin sau biyu aka shigar da shi.” Ya ce, “Ƙanwata, abin da ake biyana albashi a kai ke nan.” Ajin ya ɗauki tafi. Ni dai a ganina wannan ɗan lokacin ya fi duk laccocin da muka taɓa shiryawa amfani.

Malam Liman ya yi tambayar da ke ran kowa: ina batun kuɗin ruwa? Yaya bai yi kwana-kwana ba. Ya ce akwai ɓangaren aikin da ruwa ke ciki, akwai kuma wanda babu, kuma na biyun yana faɗaɗa. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardar zuba jari ta Musulunci da babu ruwa a cikinta, a 2017, na naira biliyan 100, aka yi hanyoyi da kuɗin. Hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe asusun da babu ruwa a cikinsa a 2021, kuma kowane irin asusu yana buƙatar yaran da za su riƙa tantance abin da ya halatta a saya. Jami'ar Bayero ma tana da cibiyar koyar da harkar banki da kuɗi ta Musulunci, ga ta nan kusa da mu.

Kan takardu, ya ce digiri a lissafin kuɗi ko tattalin arziki ko lissafi ya isa a fara nema. Jarrabawar CFA, ta shaidar ƙwarewa a nazarin harkar kuɗi da jari, mataki uku ce, daga Amurka ake shirya ta, da dala ake biya, kuma ba a ba da shaidar sai mutum ya haɗa da awa 4,000 na aiki. Saboda haka ya ce kada kowa ya sayar da gonar gado don ita tun bai samu aiki ba. A fara da Excel da iya rubuta Turanci mai tsabta. Ya kuma ja kunne cewa duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai juya, a duba ko yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ya tuna mana yadda MMM, shirin nan na damfara mai alkawarin ninka kuɗi, ta yi da mutane a 2016.

Bayan zaman mun buɗe ajin Excel ranar Asabar da kwamfutoci biyu na aro. Makon farko sai da muka raba mutane rukuni-rukuni. Kafin wata ya zagayo an koma 'yan tsiraru, kuma mata ne suka fi yawa a cikinsu. Wutar ma a shagon mai caji muke biya, daga aljihun 'yan kwamiti. Yaya ya yi alkawarin duba takardar neman aikin duk wanda ya aiko. Har yau waɗanda suka miƙo mini tasu ba su cika hannu ɗaya ba, alhali masu cewa babu aiki a ƙasa sun cika zaure.

Babban taro zai kasance Asabar ta farko a wata mai kamawa, bayan la'asar, a inda muka saba. Za a zaɓi sababbin shugabanni, kuma kwamiti ya yanke cewa mai bashin fiye da wata uku ba zai yi zaɓe ba, ba kuma za a zaɓe shi ba. Ma'aji zai karanta sunayen masu bashi a gaban kowa. Wanda ba ya son jin nasa, ya same shi a shago kafin ranar.

Wassalam.

Sakatare