Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta masu lambun itatuwa

Assalamu alaikum, iyayenmu dattawa da 'yan'uwa mambobi. Kwamitin kula da lambu ya zaga gonakin da ke ƙauyukanmu na yankin Kura da Bunkure a damina da hunturu da bazara, ga kuma abin da ya gani da abin da aka yi.

Lemo ne ya fi cin lokacinmu bana. A lambuna da dama mun tarar da gindin bishiya yana tsattsafo da ƙaro, ɓawo ya tsage ya yi baƙi, ganye ya koma ɗorawa yana zuba. Masu lambun sun ɗauka ƙwari ne, sun yi ta feshi a sama, alhali ciwon yana ƙasa. Ƙwayar cutar a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa take, kuma tana kama bishiyar da ruwa ke kwanciya a jikin gindinta, musamman wadda aka binne mata wurin aure, wato inda aka haɗa reshen iri mai kyau da gindin wata bishiyar, lokacin dashe. Don haka muka koyar da ban-ruwa mai zobe biyu: a tada ƙaramin tudu kewaye da gindi, nisan kamu ɗaya, sannan a yi babban zobe daidai inda inuwar rassa ta tsaya. Ruwa a tsakanin zoben biyu zai zauna, can ne ƙananan saiwoyi masu sha suke. Inda ciwon ya riga ya kama, a kankare ruɓaɓɓen ɓawon da wuƙa mai tsabta har a kai ga lafiyayyen itace, a bar shi ya sha iska, a shafa maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe, a dama shi da kauri kamar kunu. Idan ruɓar ta zagaye gindin gaba ɗaya, gaskiya ɗaya ce: a tumɓuke. Mun san da ciwo mutum ya sare abin da ya yi shekaru yana reno, amma barinta ba zai dawo da ita ba.

Na biyu shi ne tsutsar mangwaro da gwaiba. Ƙuda ne ke huda fatar ɗan itacen ya zuba ƙwai, tsutsa ta ci ciki, ɗan ya faɗo, ita kuma ta shige ƙasa ta fito sabon ƙuda. Duk wanda ya bar faɗaɗɗun 'ya'ya a gindin bishiya, ƙuda yake kiwo wa kansa da maƙwabcinsa. Mun amince a riƙa tsince su aƙalla sau biyu a mako, a zuba a baƙar leda mai kauri, a ɗaure a ajiye a rana kwana biyu zuwa uku, ko a binne su a rami mai zurfin rabin mita. Tarkon gorar roba mai maganin jan ƙuda namiji kawai yake kamawa, saboda haka yana nuna mana yawan ƙudan ne kuma yana rage shi, bai isa shi kaɗai ba. Inda lambuna suke jere, in mutum ɗaya ya yi sakaci aikin sauran ya ɓaci. Muna roƙon dattawa su sa baki a nan.

Baƙin tabo a ganyen mangwaro da 'ya'yansa ya fi yawa a bishiyoyin da rassansu suka cushe, iska ba ta ratsawa. An yi aikin sassabe bayan an gama tsinka: cire busassun rassa da masu gogar juna, a yanka da zarto ba da adda ba, domin adda tana farfasa reshe ta bar ƙofar ciwo. Reshen da ke bushewa daga sama a yanke shi a ƙasa da inda bushewar ta tsaya, cikin ɗanyen itace, a ƙone abin da aka cire. Kafin a koma wata bishiyar a tsoma zarto a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa.

Kauci kuwa tsuntsaye ke shuka shi. Fizge ganyensa ba ya kashe shi, sai an yanke reshen da ya kafu a kai.

Kan feshi muna da ƙorafi. Wasu sun fesa maganin ƙwari a tsakiyar hunturu mangwaro yana cikin fure, suka kashe ƙudan zuma da sauran ƙudajen da ke haɗa furen, sannan suka yi mamakin ƙarancin 'ya'ya. Ga darɓa da ƙananan ƙwari masu tsotsar sabon toho, ƙwallon darbejiya ya wadatar: a daka giram 50 na tsakiyar ƙwallon ga kowace lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Ba ya ajiyuwa, ranar da aka tace a yi amfani da shi.

Sababbin dashe da suka mutu, yawancinsu awaki da gara ne suka kashe su a bazara. A kewaye kowanne da ƙaya, ciyawar da ake shimfiɗawa don riƙe danshi kuma kada ta taɓa gindi. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure a cire shi, in ba haka ba zai rinjayi na saman.

Ga mai shirin dashe a damina mai zuwa: rami santimita 60 faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba. Tazarar mangwaro mita 10, lemo mita 6 zuwa 7. Kwamiti zai nemi shawarar malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, da reshen cibiyar binciken kayan lambu da itatuwan marmari ta ƙasa, NIHORT, da ke Bagauda, kan samun dashe mai aure. Mai buƙata ya ba sakatare sunansa da irin bishiyar da yake so kafin ruwan farko, wanda kuma ake binsa kuɗin wata ya taimaka ya biya a zama mai zuwa.